Ƙwayoyin Cuta Sun Daina Jin Magani, Ina Sabon Ya Tsaya?

Idan likita ya tura jinin majinyaci ko fitsarinsa ɗakin gwaji domin a shuka ƙwayar cutar da ke ciki, bayan kwana biyu ko uku takarda ce ke dawowa. A gefe guda an jera sunayen magunguna, a gaban kowane suna kuma harafi ɗaya: S idan maganin zai kashe ƙwayar, R idan ƙwayar ta fi ƙarfinsa. Ma'aikatan lafiya a manyan asibitocin Legas, daga na koyarwa da ke Idi-Araba har zuwa na Ikeja, sun san irin takardar da ke sa gaba ya faɗi: R na bin R tun daga sama, sai can ƙasa a tarar da S ɗaya ko biyu, su ma a gaban allurar da kuɗinta ya fi ƙarfin mai jinya. Wannan ita ce matsalar da ake kira bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani.

Tambayar da ke zuwa bakin kowa ita ce, tunda tsofaffin magunguna sun fara gazawa, me ya hana masana su haɗa sababbi? Duniyar da ta fitar da allurar rigakafin korona cikin shekara guda, ƙwayar da ke hana gyambo warkewa ce za ta gagare ta? Amsar ta kasu gida biyu. Akwai wahalar da ke cikin ilimin kansa, akwai kuma ta kuɗi, wadda a ganina ta fi ta farko ɗaure kai.

Kafin nan, sai an gyara wata fahimta. Sau da yawa za ka ji mutum a Agege ko Mile 12 yana cewa, "Jikina ya saba da Ampiclox, ya daina yi mini aiki." Jiki ba ya sabawa, ƙwayar cutar ce ke canjawa. Magungunan da ake kira antibayotik aikinsu kashe bakteriya, wato ƙananan halittun da ke kawo taifot, kwalara, tarin fuka, ciwon sanyi, yawancin cutar mafitsara, da cutar da ke shiga jinin jarirai. Ba su taɓa ƙwayar mura ko kaɗan. Bakteriya irin E. coli na iya rabewa biyu duk minti 20 idan ta samu wurin da ya karɓe ta, don haka kafin yini ya ƙare guda ɗaya ta zama miliyoyi. A cikin wannan taro ba a rasa 'yan ƙalilan da halittarsu ta ɗan sauya yadda magani ba ya kama su. Magani na shigowa sai ya share masu rauni, ya bar wa masu taurin kan fili su hayayyafa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne suna miƙa wa juna wannan dabara, har tsakanin jinsin da ba ɗaya ba. A 2008 aka gano wani sinadari da aka sa wa suna NDM-1 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a Indiya. Sinadarin yana farfasa magungunan carbapenem, waɗanda likitoci ke ajiyewa sai ciwo ya yi tsanani. Cikin 'yan shekaru aka riƙa samun sa a nahiyoyin duniya, har da tamu.

Girman ɓarnar ya fito fili a binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a farkon 2022. A 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayar cutar da ta ƙi jin magani, kuma matsalar na da hannu a mutuwar kusan miliyan 5. Adadin farkon ya zarce na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar, ya zarce na cuta mai karya garkuwar jiki. Idan aka auna da yawan jama'a, babu yankin da abin ya fi tsanani kamar Afirka ta Yamma. A Najeriya an ƙiyasta mutum 64,500 ne suka mutu kai tsaye a wannan shekara. Ba labarin wata ƙasa mai nisa ake yi ba.

To daga ina aka samo magungunan da muke sha yanzu? Mafi yawansu daga ƙasa da ruɓaɓɓun abubuwa. Alexander Fleming ya lura da penicillin a Landan a 1928, lokacin da fumfuna ta fito a farantin gwajinsa ta kashe bakteriyar da ke kewaye da ita. A 1943 aka ciro streptomycin, maganin tarin fuka na farko, daga wata halitta da ke zaune cikin ƙasa. An samo chloramphenicol daga ƙasar da aka ɗebo a Benezuwela, erythromycin daga ta Filifin, vancomycin daga ta tsibirin Borneo. Ceftriaxone, allurar da babu asibitin da bai san ta ba a Legas, kakanta ya fito ne daga wata fumfuna da wani likitan Italiya, Giuseppe Brotzu, ya ɗebo a ruwan teku kusa da bakin magudanar najasa a tsibirin Sardiniya. Dalilin a bayyane yake. Waɗannan ƙananan halittu sun daɗe suna yaƙar junansu kan abinci da wurin zama, kowace na fitar da gubar da za ta kashe maƙwabciyarta. Mu gubar muka aro. Wannan ne ma ya sa bijirewa ta girmi asibiti, domin wadda ake kai wa hari ita ma tun tuni ta koyi kare kanta. Fleming da kansa, a jawabin karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi penicillin a kanti, ya sha abin da bai kai ba, ya koya wa ƙwayar cutar jure masa.

Daga shekarun 1940 zuwa na 1960 aka samu kusan duk dangogin antibayotik da ake amfani da su yau. Bayan nan rijiyar ta fara ƙafewa. Kamfanoni na ɗebo ƙasa, su shuka, su tace, su tarar abin da aka riga aka sani ne ya sake fitowa. Sai aka koma yi wa tsofaffin kwaskwarima, a canja nan a ƙara can, a fitar da sabon suna. Hakan ya yi amfani, amma ƙwayar da ta iya kauce wa uba ba ta daɗewa take kauce wa ɗa.

Inda aka fi shan wuya shi ne wajen rukunin da ake kira Gram-negatif, su Klebsiella, Acinetobacter, Pseudomonas da E. coli. Su ne ke addabar ɗakunan kula da marasa lafiya masu tsanani da na jarirai bakwaini. Ƙwayar wannan rukuni kamar gida ce mai katanga biyu. Abin da ya iya haura ta waje sau da yawa ba ya iya ratsa ta ciki, wanda kuma ya samu ya shiga sai ya tarar da masu gadi da ke tura baƙo waje, wato wasu famfuna da ke jikin ƙwayar suna fitar da duk abin da ba ta yarda da shi ba. Samun sinadarin da zai kashe bakteriya a faranti ba abin wuya ba ne, ko ruwan bilic yana yi. Abin nema shi ne wanda zai ƙetare duk waɗannan shingaye, ya isa huhu ko jini ko ƙashi da ƙarfinsa, kuma bai lalata ƙodar majinyaci ko hantarsa ba, alhali antibayotik da yawa ake ba da shi, wani lokaci giram-giram a rana. Shi ya sa aka shafe sama da shekara 50 ba a kawo sabon dangi na gaske da ke kashe wannan rukuni ba. Har ta kai likitoci sun koma kan colistin, tsohuwar allurar da aka ajiye tun shekarun 1970 saboda illarta ga ƙoda. Ita ma a 2015 masana a Chaina suka ba da rahoton ƙwayar gado mai suna mcr-1 da ke karya ta, kuma a jikin dabbobin kiwo da nama aka fara ganin ta da yawa, saboda a lokacin ana zuba colistin a abincinsu.

Yanzu ga batun kuɗi. Kai sabon magani daga ɗakin bincike zuwa hannun likita yana cin shekara 10 zuwa 15, kuma kuɗin kan haura dala biliyan 1 idan aka haɗa da na waɗanda suka faɗi a hanya. Kamfanin da ya yi maganin hawan jini ko ciwon suga ya san mai saye zai sha har iya rayuwarsa. Antibayotik kwana biyar ne ko bakwai, an gama. Sannan idan sabon ya fito kuma yana da kyau, abin da ya dace likitoci su yi shi ne su kulle shi, kada a taɓa sai an rasa yadda za a yi, domin yawan amfani da shi ne zai kashe shi. Ke nan gwargwadon darajarsa, gwargwadon ƙarancin cinikinsa. Wani kamfanin Amurka mai suna Achaogen ya kwashe shekara 15 yana aiki, ya samu amincewar hukuma kan maganinsa plazomicin a watan Yunin 2018. Cinikinsa a wannan shekara bai kai dala miliyan 1 ba, a watan Afrilun 2019 kamfanin ya karye. Maganin bai gaza ba, kasuwar ce ta gaza. Manyan kamfanoni sun ga haka tun da wuri, irin su Novartis da Sanofi suka janye daga wannan bincike a 2018. Asarar da ta fi zafi a nan ita ce ta mutane, domin masanin da ya yi shekara 20 yana koyon halin bakteriya idan ya koma binciken ciwon daji ba ya dawowa.

Duk da haka ba a zauna ba. Wasu sun koma ƙasa da sabuwar dabara. An daɗe da sanin cewa kusan kashi 99 cikin 100 na bakteriyar ƙasa ba sa tsirowa a farantin ɗakin gwaji, ke nan duk abin da aka samu a baya daga ɗan guntun da ya yarda ya tsiro ne. Masana a Jami'ar Northeastern da ke Boston suka ƙera wata 'yar na'ura mai ƙananan ramuka, a saka ƙwaya ɗaya a kowane rami, a mayar da na'urar cikin ƙasar da aka ɗebo su domin su girma a muhallinsu. Ta haka aka samu teixobactin a 2015. A 2025 kuma masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka sanar da lariocidin, wanda aka ciro daga ƙasar bayan wani gida. Wasu sun juya ga kwamfuta. A 2020 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka koya wa ƙirƙirarriyar basira siffar sinadaran da ke kashe bakteriya, ta tace dubban sinadarai, ta nuna wani da aka taɓa gwadawa don ciwon suga, aka sa masa suna halicin. A 2024 kamfanin Roche da masana Jami'ar Harvard suka bayyana zosurabalpin, wanda ke hana Acinetobacter kai kayan gina katangarta ta waje, kayan su taru a ciki su kashe ta. Akwai kuma cefiderocol na kamfanin Shionogi na Japan, wanda aka amince da shi a 2019. Bakteriya ba ta rayuwa sai da sinadarin ƙarfe, shi kuwa maganin yana manne wa ƙarfen, sai ƙwayar ta ja shi ciki da kanta.

Ya kamata a karanta irin waɗannan labarai da hankali. Yawancinsu ɓera suka warkar, ba mutum ba. Teixobactin ya haura shekara 10 da sanarwa, har yau ba ya kantin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba abin da ke kan hanya a 2023, ta ƙirga magunguna 32 da ake gwadawa a kan mutane domin ƙwayoyin da suka fi haɗari, amma 12 kawai ta ga za a iya kira sababbi na haƙiƙa.

Inda aka ga nasara ƙarara shi ne tarin fuka mai bijire wa magani, kuma wannan ya shafe mu, tunda Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. A da majinyaci kan yi wata 18 zuwa 24 yana shan magani, ga allurar da ke iya kurmantar da shi. Bedaquiline ya zo a 2012, pretomanid a 2019, yanzu akwai haɗin ƙwayoyi na wata 6 ba allura. Abin lura, pretomanid wata ƙungiya ce da ba riba take nema ba, TB Alliance, ta kai shi gaci. Irin wannan tafarki ake bi yanzu ga sauran cututtuka. An kafa ƙungiyoyin CARB-X da GARDP a 2016 domin su zuba kuɗi inda 'yan kasuwa suka gudu. Ingila ta gwada biyan kamfani wani adadi duk shekara, har fam miliyan 10, ko an yi amfani da maganin da yawa ko kaɗan, yadda kamfanin ba zai matsa a yi ta sayarwa ba.

Sai mu dawo gida. A ce gobe ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ya iso Legas, wane hali zai tarar? Zai tarar da garin da ake sayen kafso ɗai-ɗai. "Malam, ba ni ja da yalo guda huɗu," mai kemis ya yaga ya miƙa, babu takardar likita. Zai tarar da masu talla a tasha da cikin mota, magani na shan rana a kwali tun safe. Zai tarar da duk zazzaɓin da ya kwana uku ana kiransa "maleriya da taifot", bisa gwajin Widal wanda likitoci da kansu suka san ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. A watan Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Idumota tare da na Onitsha da Aba, ta kwashe jabu da waɗanda wa'adinsu ya ƙare masu ɗimbin yawa. Jabun antibayotik mai ɗauke da rabin sinadari ya fi wanda babu komai a ciki haɗari ta wannan fuska, domin shi ne ke horar da ƙwayar cuta.

Ban yarda a ɗora wa talaka laifin nan duka ba. Ɗan dako a Mile 12 ko mai tura ruwa a Idi-Araba, idan ya tafi asibiti ya bi layi, abincin ranar ya tafi ke nan. Kuɗin gwajin shuka ƙwayar cuta ya ninka na kafson da zai saya a bakin titi. Bayan kamfanin GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya a watan Agustan 2023, ga kuma faɗuwar naira, farashin Augmentin ya yi tashin da ya sa mutane da yawa suka koma sayen rabi. Muna fama da abu biyu a lokaci guda: ana shan antibayotik inda ba a buƙata, kuma wanda ke buƙatarsa da gaske ba ya samun mai kyau. Duk tsarin da ya ce a hana sayarwa kawai, bai sauƙaƙa gwaji da ganin likita ba, ƙara wa marar ƙarfi nauyi zai yi.

Akwai kuma ɓangaren da ke hannun mutanenmu kai tsaye. Harkar shanu da awaki da raguna a Legas, daga mayankar Oko-Oba zuwa kasuwannin dabbobi, 'yan Arewa ne ƙashin bayanta. Dabbar da ta sha doguwar tafiya a tirela ta iso a galabaice, a soka mata oxytetracycline, kwana ɗaya ko biyu a yanka. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da ya kamata a jira kafin a ci naman. Sarakunan fawa da shugabannin kasuwa suna da bakin faɗa a ji a nan fiye da kowane jami'in gwamnati, kuma magana ce da ta dace a riƙa yin ta a tarukansu.

Abin da ya fi damuna, duk sunayen da na ambata a baya na waje ne, irin su Boston da Kanada da Japan. Ƙwayoyin da ke kashe jariranmu ya kamata su kasance cikin waɗanda ake gwada sabon magani a kansu tun daga farko, hakan kuwa ba zai yiwu ba sai ana tattara su ana karanta halittarsu a nan. Muna da Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa a Yaba, muna da cibiyar binciken magunguna a Abuja, muna da masana irin su Farfesa Iruka Okeke ta Jami'ar Ibadan da duniya ke saurara a wannan fanni. A jami'o'inmu ɗalibai na ta rubuta kundin digiri kan yadda ruwan bagaruwa ko darbejiya ko tafarnuwa ke hana bakteriya tsirowa a faranti. Aiki ne mai kyau, amma matakin farko ne cikin matakai masu yawa. Sai an ware sinadarin da ke yin aikin shi kaɗai, an san siffarsa, an auna gubarsa, an gwada a dabba, kafin a yi maganar mutum. A nan binciken namu ke tsayawa, saboda injinan da kuɗin da wutar lantarkin da wannan mataki ke buƙata. Wannan ne ma ya sa bai halatta mai maganin gargajiya ya ce bincike ya tabbatar da jiƙonsa na warkar da taifot ba.

A 2022 kamfanin Shionogi ya ba GARDP lasisin samar da cefiderocol ga ƙasashe 135, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, aka kuma ba wani kamfanin Indiya damar sarrafa shi. Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na biyu na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta, na 2024 zuwa 2028, ƙarƙashin jagorancin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. Lokacin da irin wannan allura za ta fara shigowa, dole a riga an yanke shawarar asibitocin da za su riƙe ta, wanda zai sa hannu kafin a fitar da ita, da wanda zai biya wa uwar da ba ta da kuɗin. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Legas da NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su fara wannan aiki tun maganin bai sauka a tashar Apapa ba.